Eksire na cewa kaza, rediyo na cewa kaza: karon gungun galaksi

Yawancin mu idan aka ce eksire sai mu tuna asibiti da hoton ƙirji, amma fa sararin samaniya ma yana fitar da wannan haske, kuma da shi ne ake gane abin da ke faruwa idan manyan gungun galaksi biyu suka yi karo (galaksi wani ƙaton tarin taurari ne). Gungu ɗaya na iya ɗauke da ɗaruruwan galaksi har dubbai, sai dai abin mamakin, taurarin da ke ciki ba su ne suka fi yawa ba, gas ne mai azabar zafi da ya cika tsakaninsu, zafinsa na kai digiri miliyan goma zuwa sama da miliyan 100. Idon mutum ba ya ganinsa ko kaɗan. Iskar duniyarmu kuma tana shanye eksire, shi ya sa dole aka harba na'urori sama, Chandra ta Amurka da XMM-Newton ta Turai, duk a 1999.

Wanda ya fi shahara shi ne gungun Bullet, nisan shekarun haske kusan biliyan 3.7 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya a shekara ɗaya). Ka ɗauka garken shanu biyu ne suka ratsa juna, shanun sun wuce ba wanda ya taɓa wani don akwai fili tsakaninsu, amma ƙurar da suka taso da ita ta haɗu ta tsaya a tsakiya. Galaksi sun wuce, gas ya makale a baya. Da aka auna inda nauyin gungun yake ta yadda yake lanƙwasa hasken abubuwan da ke bayansa, sai aka tarar nauyin ya bi galaksi, bai zauna wajen gas ba duk da gas ɗin ya fi taurari nauyi. A 2006 aka fitar da sakamakon, ya zama babbar hujja cewa akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi da ba ya fitar da haske.

Ni dai ɓangaren rediyo ya fi ɗaukar hankalina gaskiya. Karon yana tura igiyar girgiza cikin gas ɗin, ilektron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, su samu gudu kusa da na haske su riƙa zagaya layukan maganaɗisu, sai su fitar da igiyar rediyo. Na'urorin hangen nesa na rediyo irin su LOFAR ta Holan da GMRT ta Indiya da MeerKAT mai faranti 64 a Afirka ta Kudu su ke kamo ta, kuma hotunan, kai! A gungun CIZA J2242.8+5301 akwai wani siririn hasken rediyo mai siffar baka a gefe mai tsawon shekarun haske wajen miliyan 6, a gungun Abell 3667 kuma MeerKAT ta nuna cewa bakan ba dunƙule ɗaya ba ne, zare-zare ne a cakuɗe.

To ga inda rigimar take. Idan ka auna ƙarfin girgizar da eksire, ta bambancin zafin gas gaba da baya, ka sake aunawa da rediyo, sau da yawa lissafin ba ya daidaita, na rediyo ya kan fi. Sannan girgizar ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki ilektron na gas haka kawai ta kai shi wannan gudun, lissafi ya ƙi. Abin da masana da dama suka karkata a kai shi ne dama akwai tsofaffin ilektron da baƙin ramin wata galaksi, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce wa jansa, ya feso tun da daɗewa, sun yi sanyi sun daina haske, girgizar ta zo ta sake tayar da su. A 2017 an ga hakan kusan ƙuru-ƙuru a Abell 3411 da 3412, jelar rediyon wata galaksi ta miƙe har ta haɗe da bakan. Wannan ya gamsar da ni a wancan gungun, amma akwai bakuna da yawa da ba a ga wata galaksi mai feshi kusa da su ba.