Yadda na kashe rinina da ƙwarya

Har yau idan na ga ƙwaryar nan a rataye sai raina ya ɓaci. Da ita na lalata ruwan baban rinin da na yi kwana 12 ina reno, na haɗa da yadi 10 na farar shaddar ƙanwata, saura mako uku bikinta.

Haɗin kansa bai ba ni wahala ba: curin baba daga kasuwar Kurmi ta Kano, ruwan toka, da duro a bayan ɗaki inda rana ke bugawa. Wari ya tashi, kumfa ta taru a sama tana ƙyalli kamar tagulla. Da na kawar da kumfar sai na tarar ruwan ƙasa kore ne mai sirkin ɗorawa. Gabana ya faɗi, na ce bai nuna ba. Na ɗauko ƙwarya na yi ta ɗiba ina sheƙawa daga sama kamar mai fifita kunu, har ruwan ya koma shuɗi shar, nan take na tsoma shadda. Wankin farko rinin ya zube, ya bar mini zane dabbare-dabbare.

Abin da ya fi ci mini rai, na karanta kimiyyar sinadarai, na san wannan a takarda. Ganyen baba babu shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki shi ne wani sinadari mai suna indikan, marar launi, ɗaure da sukari. Idan aka daka ganyen, wani sinadarin cikin ganyen (inzayim) ya yanke sukarin, sai a sami abin da ake kira indoksil, iska kuma ta haɗa shi biyu-biyu ya zama indigo, wato shuɗin launin kansa. Shi kuwa indigo ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya shiga zare. Aikin ramin rini ke nan: ƙwayoyin bakteriya su cinye oksijin a cikin ruwan toka mai kaifi, mai pH (ma'aunin kaifin ruwa) 10 zuwa 11, su mayar da indigon mai narkewa, launinsa ya koma ɗorawa. A haka yake ratsa zaren, sai zane ya sha iska ya sake shuɗewa a ciki, ya maƙale. Wato koren ruwan nan shi nake jira tun ranar farko, ni kuma na ɗura masa iska da hannuna.

Na kai zanen karofin Ƙofar Mata na nuna wa wani dattijo. Ya murza shi, ya ce, "Ɗana, ruwan da ya yi shuɗi ai ya riga ya rina kansa, me zai ba zane?" Ya ce ko motsa ramin aka yi, sai an bar shi ya kwanta. Na tsuguna ina kallo ya zura ƙyalle ta gefen rami a hankali, ya matse shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago shi kore, kafin minti biyu yana shuɗewa daga bakin-baki zuwa tsakiya.

Duron bai mutu gaba ɗaya ba, alhamdu lillahi. Na ƙara ruwan toka da dusa kaɗan, na rufe, na hana kaina taɓa shi kwana biyar, koren ya dawo. Sabuwar shadda kuwa daga albashina ta fito. Wannan karon da ƙyalle na fara gwadawa, na wanke shi da sabulu sau biyu kafin na yarda. Tsomi takwas na yi wa shaddar, kowanne da shan iska a tsakani, kuma ban bar ko ɗigo ya faɗa cikin duron daga sama ba. Ta farkon tana nan a ninke cikin akwati, ƙanwata ta ce in ba ta ta yi labule, na kasa.