Batirin da ya mutu a hunturu, tun bazara ya kamu da ciwo

A garejinmu da ke Bauchi babu lokacin da masu mota ke kuka da batir kamar tsakanin Disamba da Janairu. Tun kafin rana ta keto hazo waya za ta fara ƙara: mota ta ƙi tashi, yara sun makara, ana murɗa makulli sai dai a ji ƙas-ƙas-ƙas. Kowa kuma bakinsa ɗaya, wai sanyi ne ya kashe masa batir. Gyaran wayar mota da batir shi ne sana'ata, kuma babban abin da ta koya mini shi ne sanyin ƙasarmu bai isa ya kashe lafiyayyen batir ba. Iyakarsa ya tona asirin wanda ya riga ya jikkata.

Mai ɓarnar shi ne zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Batirin mota ɗakuna shida ne, kowanne da farantan dalma a nutse cikin ruwan asid, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, a haɗa a sami 12.6. Zafi yana ƙafar da ruwan nan a hankali, kan farantan ya fito fili, su fara cinyewa. Mai mota ba zai ji komai ba, domin a lokacin zafi baƙin mai ya tsinke, injin yana juyawa da sauƙi, ko batir mai rabin rai zai iya tayar da shi. Haka za a ci damina lafiya lau. Sai iskar hunturu ta kaɗa, abu biyu su haɗu a asuba ɗaya: aikin sinadarin da ke cikin batir ya yi sanyi, wutar da yake bayarwa ta ragu, baƙin mai kuma ya yi kauri, kik yana neman ƙarfi fiye da na kullum. Kamar ɗan dako ne da ya kwana da yunwa, aka ƙara masa buhu da safe.

Sanyi mai daskarar da ruwa yana can Kanada da Rasha da arewacin Amurka. Duba jikin batir, sau da yawa za ka ga haruffan CCA da lamba a gefensu. Lambar tana nuna yawan wutar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. A wasu motocin Kwatano da suka fito daga Kanada mukan tarar da wata waya mai filogi a naɗe kusa da lagireto, masu motar su yi ta tambayar amfaninta. Ta ɗumama injin ce, ana jona ta da wutar gida da dare domin mota ta tashi da safe. A can, batirin da ya cika da caji ruwansa ba ya daskarewa sai sanyi ya kusa digiri 60 ƙasa da sifili, amma wanda ya sauka ƙasa warwas ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifili sun isa su mayar da shi ƙanƙara, har jikinsa ya kumbura ko ya tsage. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a waɗannan ƙasashe su riƙe wannan da kyau: batirin da ya daskare ba a jona masa wuta, domin yana iya fashewa. Mu a Bauchi asubarmu ba ta ko kusantar sifili. To idan sanyin da bai kai ya kawo ba ya kwantar da batirinka, matsalar ta daɗe a ciki.

Maigidan da ya koya mini aiki ba ya yarda a taɓa sifana kafin a ɗauko mita. Mai mota zai zo a fusace ya ce, "Malam, canza mini batir kawai, sauri nake." Shi kuwa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, bari mu ji ta bakin motar tukuna." Idan injin a kashe yake mita ta nuna 12.6, batir a cike yake. Idan 12.2 ta nuna, rabi ya tafi. Sai a murɗa makulli ana kallon mita: lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa. Da mota ta tashi a sake dubawa, a ga ko altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, tana ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Duka wannan bai fi minti biyar ba, amma shi ke raba gyara da kame-kame. Motoci da yawa da aka kawo mana da sunan batir ya mutu, farin garin nan ne ya cinye kan batir, ƙurar hunturu ta zauna a kai, ko kan ya saki, ko bel ɗin altaneta ya yi sako-sako. A wanke, a goge da buroshin ƙarfe, a ɗaure, mota ta tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne a sayar wa mutum sabon batir alhali altanetarsa ce ta mutu. Bayan kwana kaɗan sabon ma zai kwanta, ga batir ya yi tsadar da magidanci sai ya taɓa kuɗin cefane kafin ya saya. Wannan cin amana ne, ko da jahilci ne ya jawo shi.

Akwai kuma al'adun da muka gada a gareji waɗanda ya kamata mu bari. Cire kan batir injin yana aiki, wai don a gwada altaneta, yana iya ƙona kwamfutar motar zamani. Ƙara asid idan ruwan batir ya ragu kuskure ne, domin ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, ban da na rijiya ko na famfo. Sai cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, da ake yi da hujjar cewa ta ƙasar Turawa ce. A hunturu ake gane illar haka: injin ya daɗe bai kai ɗumin aikinsa ba, ya yi ta shan mai a banza. Mai motar dizal kuma ya jira fitilar hita ta mutu kafin ya murɗa, maimakon ya yi ta matsa wa kik har batir ya ƙare.

Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce daga Fadamar Mada zuwa Wunti ba, ya kashe, da yamma ya koma, batirinsa ba ya samun damar mayar da abin da kik ya ɗiba. Idan ya daɗe ba a cike ba, farantan sukan yi wani ɓawo mai tauri wanda caji ba ya narkarwa. Irin wannan motar ce ke ba da kunya idan aka kwana da ita a Jos, inda tudu ya haura mita 1,200 kuma sanyin ya fi namu cizo. Mai giyar hannu zai samu a tura shi. Mai otomatik kuwa turi ba ya yi masa komai, sai wayar jona batir. Shi ya sa nake roƙon duk mai bin hanyar Toro da Tilden Fulani a wannan lokaci ya ajiye wayar jona batir a but, ya kuma san tsarinta: ja a kan mai alamar tarawa na mataccen batir, ɗaya bakin jan a kan na mai rai, baƙa a kan mai alamar ɗebewa na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta da ɗan tartsatsi.

Lokacin da ya fi dacewa a kawo mota a auna shi ne Oktoba ko farkon Nuwamba, da ruwa ya ɗauke. A lokacin gareji ba cunkoso, kuma batirin da ya fara rauni sau da yawa ƙarin ruwa da caji a hankali na dare ɗaya sun isa su fitar da shi hunturu.