Ranar da aka canza mini murya

Talata, da dare.

Yau da safe littafi na huɗu na jerin labarin soyayyar almarar da nake bi ya fito a murya, kuma tun kafin gari ya gama wayewa na sauke shi a wayata, domin wata goma sha ɗaya ke nan ina jiran in ji yadda za ta kaya tsakanin 'yar mai gadin ƙofar dutse da yariman da tsinuwa ta hana shi ganin hasken rana. Ban duba sunan mai karatun ba, saboda bai taɓa zuwa mini a rai cewa akwai abin dubawa ba. Na sa na'urar a kunne, na danna, sai wata murya da ban sani ba ta faɗi sunan littafin da na marubuciyar. Na tsayar, na koma na tabbatar ba wani littafin na buɗe ba. Shi ne ɗin, amma matar da ta karanta mini ukun farko, kusan awa sittin idan aka haɗa, ba ita ce ba.

Na daɗe ina neman dalilin da ya sa abin ya taɓa ni haka. Wanda yake karatu a takarda shi yake ƙera wa mutanen labari murya a cikin kansa, kuma babu mai iya karɓe masa ita. Mai sauraro kuwa aron murya ake ba shi, kuma wannan labarin da bakin jarumar ake ba da shi, ita ce take cewa na gani, na ji tsoro, na so shi. Don haka a wurina muryar makaranciyar farko, mai ɗan kauri da jinkiri, ita ce fuskar yarinyar. Yau sai na ji kamar wata baƙuwa ta shigo tana ba ni labarin sirrin da ba da ita aka yi ba. Na saurari babi biyu ina ta komawa baya, domin hankalina yana kan muryar, zancen kuwa yana wuce ni.

Da rana na duba yadda sauran masu sauraro suka karɓi abin. A Audible, manhajar da ake sayen littattafan murya, ana ba da taurari daban ga labari, daban ga karatu, kuma a nan ne rabuwar ta fito fili: labarin yana samun huɗu da biyar, karatun yana samun ɗaya da biyu. Wasu sun ce sun mayar da littafin za su sayi na takarda. Wasu suna neman a sake ɗaukarsa da tsohuwar murya, suna kafa hujja da abin da ya taɓa faruwa da jerin Dresden Files na Jim Butcher, inda John Glover ya karanta littafi na 13 a 2011 saboda James Marsters, wanda ya saba karanta jerin, bai samu lokaci ba, sannan a 2015 aka fitar da sabon ɗauka da muryar Marsters. Wannan buƙata ban ga laifinta ba, ko da yake na san ba kasafai ake biyan irinta ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne waɗanda suka bar maganar karatu suka koma kan matar kanta, suna cewa muryarta ta tsufa, ko kuma ta lalata musu labari da gangan. Mace ce da aka ba aiki ta yi, kuma ba ita ta kori kowa ba.

Na kira yayata, wadda ita ce ta fara haɗa ni da jerin, na tarar ta riga ni da babi tara. Na ce, “Yaya, yaya kika iya jurewa?” Ta ce, “Ke dai ki ba ta awa uku kafin ki yanke mata hukunci, kunne ma yana da sabo kamar ido.” Ta kuma tuna mini cewa a littafin farko ni ce na yi ƙorafin wadda nake kewa yau tana jan magana da yawa, har na ƙara saurin karatun a wayata. Gaskiya ta faɗa, na manta da hakan gaba ɗaya.

Bayan mun ajiye waya na zauna ina lissafin aikin da ke cikin abin da muke saurara a kwana biyu. Makaranci yakan karanta kalmomi kusan 9,300 a awa ɗaya ta kammalallen sauti, wato littafi mai kalmomi 180,000 zai haura awa 19, kuma kowace awa guda takan ci kusan biyu a gaban makirfo kafin a zo ga gyara da tacewa. Kafin nan sai ya karance littafin duka, ya ware wa kowane mutum muryarsa, ya riƙe ta daga farko har ƙarshe. Aikin makonni ne, kuma masu wallafa sun fi son sautin ya fito rana ɗaya da littafin takarda. Ciwon maƙogwaro, ko wani aikin da aka riga aka ɗauka, ko komawar haƙƙin sauti hannun wani kamfani, kowanne ya isa ya sa a nemo wata murya. A labaran soyayya ma akwai ƙarin dalili, domin idan marubuciya ta fara ba wa namiji nasa babobin, sau da yawa ana kawo masu karatu biyu, ko dai kowa ya ɗauki babinsa da duk muryoyin da ke ciki, ko kuma a raba musu maganganun maza da na mata a cikin kowane babi.

Duk da haka akwai abin da ban yafe ba, kuma masu shirya sautin nake ɗora wa shi. Ba su sanar da canjin ba kafin mutane su biya kuɗinsu, sannan sun bar sunaye suka sauya. Makaranciyar farko tana jan wasalin tsakiya na sunan yariman, sabuwar tana gajarta shi, kuma sunan birnin da aka yi yaƙi a kansa ya koma wani abu dabam har sai da na ɗauka sabon wuri ne. Mu da muke jin bambanci tsakanin fari na launi, da fari na rashin ruwan sama, da fari na somawa, kunnenmu ba ya ɗaukar tsawon wasali da karin sauti a matsayin ƙaramin abu. A labarin almara sunayen galibi ƙagaggu ne, babu ƙamus ɗin da za a duba, shi ya sa ake tanadar jerin yadda ake furta su daga bakin marubuci. Da an miƙa wa sabuwar wannan jerin tare da 'yan mintuna na tsohon sautin, da rabin fushin da na gani yau bai taso ba.

Da yamma na koma kansa, kuma a babi na goma sha ɗaya na kai inda yarinyar ta samu yariman a ɗakin da babu taga, ta gaya masa cewa ta san hanyar karya tsinuwar amma shi ne zai manta da ita idan aka karya. Na san yadda ta farko za ta karanta wurin, da rawar murya da kuka a ƙarshe. Wannan kuwa ta sauke muryarta ƙasa, ta faɗi maganar a miƙe kamar wadda ta gama kukanta tun kafin ta shigo, ta yi shiru na ɗan lokaci kafin amsarsa. Sai a lokacin na lura cewa a cikin labarin shekara biyar ta wuce tun ƙarshen littafi na uku, kuma yarinyar da na sani ta binne mahaifinta, ta jagoranci mayaƙa. Na mayar da wurin baya sau biyu, wannan karon don ina so in sake jinsa.

Yanzu ina babi na goma sha huɗu, saura awa goma sha ɗaya. Har yanzu duk lokacin da ta ambaci sunan yariman sai na gyara mata a zuciyata. Ban ba da taurarina ba tukuna, sai na kai ƙarshe, amma na rubuta wa masu wallafar gajeren saƙo a kan sunayen, na kuma roƙe su su riƙa faɗin sunan mai karatu tun ranar da suka sanar da fitowar littafi.