Godiyata ga mutanen Tahoua

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an sallamo ni daga asibiti bayan tiyata, ina gida a nan Tahoua ta Nijar, ɗinki ya kama, ina ɗan takawa zuwa bakin ƙofa in dawo. Har yanzu in tari ya zo sai na dafe ciki, wannan rubutun ma a kishingiɗe nake yinsa, don haka duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi haƙuri, wallahi wayar ma ba a hannuna take ba.

Ba sai na maimaita yadda abin ya faro ba, kun riga kun ji, wasunku ma a gabansu aka fito da ni ba lafiya daga ajin Tarminal, ajin ƙarshe na sakandare inda nake koyar da Ingilishi, da alli a hannuna. Daren da za a shiga da ni tiyata ne ya tsaya min a rai. An kawo takarda da Faransanci, ni kuma Faransancina bai wuce na gaisuwa da cefane ba, aka ce ina danginsa, a samu wanda zai sa hannu. Ɗakin ya yi tsit. Maiɗakina tana Gusau da ɗanyen goyo, mahaifiyata ba a ma gaya mata ba saboda hawan jini. A nan ne tsoro ya kama ni da gaske, na ce to in ta Allah ta kasance wa zai kai ni gida, wa ma zai iya kwatanta gidan namu. Sai ga Baba Alhaji mai gidan da nake haya ya shigo, daga sallar isha'i ya wuto, carbi na hannunsa, ya ji abin da ake tambaya ya ce "ɗana na, kawo in sa hannu". Baba bai yi boko ba. Da ajami ya rubuta sunansa, a hankali, hannun na rawa, ya miƙa musu biron ya dafa goshina ya yi ta karanto addu'a har aka turo gadon. Mutumin da tsakanina da shi gaisuwar safe ce da kuɗin haya ƙarshen wata, wani watan ma sai na makara.

Da na farfaɗo na yi masa godiya ya ce in bari, nasa 'ya'yan biyu suna Abijan ɗaya yana Libiya, shi ma wasu ne ke riƙe masa su a can. Duk wanda ya zauna Adar, wato yankin Tahoua, ya san haka abin yake, samari da yawa suna waje neman kuɗi. Baba na san ka ce kar in faɗa, to ka yafe ni, na kasa. Allah ya dawo maka da 'ya'yanka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da Annabi SAW. Hajiya uwargidansa kuma kunu da farfesu ba su yanke ba, har da faɗa in ban shanye ba. Allah ya biya ki da Aljanna Inna.

Sai 'yan lise ɗinmu, wato makarantar sakandaren da nake koyarwa. Mushe sansar, mai kula da tsarin karatu, ya sake jadawali a dare ɗaya don kar yara su zauna haka nan, ga BAC, jarrabawar kammala sakandare, ya matso, kuma 'yan seri A, ɓangaren adabi da harsuna, Ingilishi na da nauyi sosai a makinsu, in ka faɗi a shi ya ja ka ƙasa. Abokin aikina da muke koyar da Ingilishi tare ya haɗa azuzuwana da nasa cikin wannan zafin na Tahoua, aji cike maƙil, ya gyara takardun da na bari a jaka, da aka zo biyan kuɗin awoyin ya ce a kai min asibiti a sayi magani. Kowa ya san abin da malami ke samu, bai da rarar da zai yi wannan amma ya yi. Malamin lissafi shi ya yi ta zirga-zirga da odonas, takardar magani, tsakanin asibiti da famasi a kan babur ɗinsa. Baba maigadi ya kwana biyu a kan tabarma a baranda.

Ɗalibaina kuwa ban san me zan ce ba. Yaran da nake fama da su kullum a kan haddar aikatau, in na ba mutum maki 6 bisa 20 ya yi kwana uku bai gaishe ni ba, su ne suka yi karo-karo dala-dala har ta kai jaka da yawa suka ƙulle a leda, manyan cikinsu kuma suka je aka gwada jininsu. Allah ya ba ku BAC a zagayen farko, ya yi muku albarka, ya sa ku fi mu.

Na gida Najeriya kuma na gode da kiran waya da addu'a. Da a 2023 ne, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, da na ce hanya ce ta hana, to amma tun Maris 2024 aka buɗe, kuma daga Sakkwato zuwa Illela a tsallaka Konni a hau motar Tahoua tafiyar yini guda ce. Ba komai dai, kowa da uzurinsa. Ƙanwata da ta sayar da tunkiyarta ta turo, kuɗin ya zo na gani, canjin naira zuwa sefa ya cinye da yawa amma ya biya buƙata, Allah ya mayar miki da ninkinsa.

Likitoci da masu jinya, 'yan fadarmu ta shayi, limamin unguwa, iyayen yara da ban ma san fuskarsu ba, Allah ya saka da alheri, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyar da na baro a can sauƙi, amin.

Kwanuka da kuloli sun taru a ɗakina ban san na wa da wa ba ne, a turo yara su duba wajen Hajiya. 'Yan Tarminal kuma aikin da na ba ku kafin in kwanta yana nan, ranar da na dawo zan karɓa.