Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Saƙon da Kawu bai aiko ba

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya kai tunkiyar Inna kasuwar Maigatari don a saya mini fom ɗin JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a. Masu tambaya ko Inna ta yarda, ba ta yarda ba. Har ta koma ga Allah tana ambaton tunkiyar nan.

A 2006 na zauna jarrabawar, lokacin ana yin ta da fensir a kan takarda. Makina ya fi na ɗan Kawu da ke Kano, shi ma ya sani. Abin da ban sani ba, tun 2005 jami'o'i suka fara wata jarrabawar tantancewa tasu bayan ta JAMB, kuma a jarida da intanet ake sanar da ranarta. Mu jarida ba ta zuwa garinmu, layin waya bai iso ba tukuna. Ina gona muna maimai aka yi ta aka gama.

Kawu ya san ranar. Shi ya ɗauki ɗansa a babur ya kai shi har ƙofar ɗakin jarrabawa. Motocin Gumel kullum suna tashi daga Kano, ko yaron mota ya ba wa saƙo da ya iso ni. Da sallah ya zo, sai ce mini ya yi, "Ai na ɗauka ka ji, ɗana." A bakin wa zan ji, Kawu?

Daren nan ne Baffa ya ce, "Ɗan birni da kunne yake neman boko, ɗan ƙauye da ƙafa." Na ɗauka rarrashi ne kawai.

Maganar ta dawo mini a 2015, shekarar da aka mayar da JAMB kacokan kan kwamfuta. Autarmu ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Lokacin na gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ina koyarwa a firamare. Da albashina na kai ta shagon kwamfuta, sati uku muna zirga-zirga a kan acaɓa, tafin hannunta na zufa a kan madannai. Yaran birni da suka zauna kusa da ita tun suna firamare suke wasa da abin. Da ƙafa, in ji Baffa.

Yanzu akwai jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa. An matso da ginin kusa, na gode Allah. Amma har gobe ni nake bin gidajen garinmu ina faɗa wa iyaye an fara sayar da fom, don na yi rantsuwa ba za a sake yin ɗan da labari ya wuce shi yana gona ba.

Ɗan Kawu yau babban ma'aikaci ne, muna gaisawa. Shi ban riƙe shi da komai ba. Kawu kuwa, da na je duba shi a ciwon ajalinsa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Abin da ya faɗa mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.