Legas da Kano, yaushe za ku zauna ne?

Tirelolin da ke shigowa kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba ba tumatir da albasa kaɗai suke saukewa ba, a saman kayan akwai samari daga Jigawa, Katsina, Zamfara, wasu rashin tsaro ne ya koro su wasu kuma neman na kai ne kawai, kuma babu wanda ya san da zuwansu sai ɗan garinsu da zai ba su wurin kwana a Agege ko Idi-Araba.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne Legas ta iya koyo daga nesa. BRT ɗin nan, wato manyan motocin bas masu layinsu na daban a kan titi, da aka fara a 2008, ai a Curitiba ta Brazil tsarin ya samo asali, sannan Legas tana cikin C40 inda manyan biranen duniya ke musayar dabaru kan sauyin yanayi. Madalla. To Kano fa, da ke turo mata mutane kullum?

Ku duba maganar okada, wato 'yan acaɓa a Legas. A watan Yunin 2022 aka hana su a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Apapa da Surulere, aka yi ta kama babura ana murƙushewa, kuma kowa ya san 'yan uwanmu ne da yawa a cikin masu tuƙin. Alhali Kano ta hana acaɓa tun 2013, mutane suka koma Adaidaita Sahu, ta ga daɗin abin ta ga wahalarsa. Me zai hana a zauna da ita a ji yadda direbobin suka ƙare? Yaro ya sayar da akuyoyin uwarsa ya sayi babur, ya iso Ikko sannan yake jin wai an hana, haba jama'a. Ko sanarwa ce a gidajen rediyon Kano da Sakkwato ai da ta rage asara.

Kuma kar wani ya ce ba ya yiwuwa, a 2016 gwamnonin Legas da Kebbi na lokacin, Ambode da Bagudu, sun haɗa kai aka fito da shinkafar LAKE Rice, Kebbi ta noma Legas ta saya. Da yake shinkafa ce nan da nan aka sa hannu.

Ni abin da zan so ƙarami ne wallahi, a ajiye tebur a tasha da mai jin Hausa da zai yi wa baƙo rajistar katin LASRRA, wato katin shaidar mazauna Legas, a jawo sarakunan Hausawa ciki tun kafin a rushe kasuwa, ba sai rikici ya tashi kamar na Mile 12 a 2016 a fara neman lambarsu ba.