Yinin da na zauna da ƙanena kan tuƙi a Ingila

Yau Asabar, bayan sallar La'asar, ƙanena ya zo daga Samaru da lasisin tuƙinsa a aljihu, domin saura mako biyu ya tafi Ingila karatu, kuma ya ƙudurta sayen mota da zarar ya samu wurin zama. Na yi shekara uku a can, shi ya sa Inna ta turo shi wurina.

Maganar takardu ba ta ɗauke mu lokaci ba. Lasisinsa na Najeriya, muddin wa'adinsa bai ƙare ba, zai yi masa aiki na wata 12, bayan nan sai ya ci jarrabawarsu ta tambayoyi da ta kan titi, kuma ba a hawa titi babu inshora.

Abin da ya fi damuna shi ne sabo. Mu tun 1972 muka koma bin hannun dama, su kuwa hagu suke bi, sitiyari yana dama, da hannun hagu ake sa giya. Na miƙa masa makullin motata muka nufi shataletalen PZ, na ce ya lura da yadda wuyansa ke juyawa hagu da kansa kafin ya shiga. A Ingila dama zai duba, ya ba mai tahowa hanya, sannan ya shiga ta hagu. Ya ce, "Yaya, ai kwana biyu ya isa in saba." Na gaya masa ba a cikin cunkoso ake kuskure ba, inda motocin gaba ke jan mutum, ni da asuba abin ya same ni, titi fayau, na fito daga gidan mai na kama dama, sai fitilun wata babbar mota suka haske mini fuska. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi.

Allunansu da mil suke ƙidaya gudu: 30 na cikin gari kusan kilomita 48 ne, 70 na babbar hanya kuwa kusan 112. Kyamara ce ke kamu, takardar tara ta iske mutum har gida, babu jami'in da za a ba haƙuri. Riƙe waya ana tuƙi tararsa fam 200 da maki 6 na laifi da ake rubutawa a lasisi, kuma wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, makin nan ya isa a soke lasisinsa.

A hanyar komawa wayarsa ta yi ƙara, ya kai hannu aljihu, sai ya dube ni ya mayar da shi kan sitiyari. Bai ɗauka ba sai da muka tsaya a ƙofar gida a Tudun Wada.